Allura a Dantse, Darbejiya a Ƙofa: Addinin Hindu da Asibiti

Jama'a, barkanmu da warhaka. Wanda ya taɓa raka majinyaci Indiya zai iya ba ku wannan labari. Kana shiga wasu manyan asibitocin, tun kafin ka kai wurin yankar kati, sai ka ga wani ɗan lungu da gunki mai kan giwa, an rataya masa furanni, fitilar mai tana ci a gabansa. Ganesha ke nan, wanda mabiya addinin Hindu suke cewa shi ke kawar da cikas. Likitan da zai buɗe ƙirjin ɗan'uwanka yana iya tsayawa nan ya haɗa tafukansa, sannan ya wuce ɗakin tiyata. A wurinsa babu wani karo tsakanin abubuwan biyu.

Kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen Indiya Hindu ne. To yaya aƙidarsu take shiga tsakaninsu da likita? Mu fara da agana.

A arewacin Indiya akwai abar bautar da suke kira Shitala, ma'ana mai sanyi. Ana zana ta bisa jaki, tsintsiya a hannu ɗaya, tulun ruwa a ɗayan. Idan agana ta fito wa yaro, iyayensa ba sa cewa ya kamu da cuta, cewa suke Uwa ta sauka a gidan. Baƙuwa ce, ba a yi mata rashin kunya. Sai a daina soye-soye, a ba yaron abinci mai sanyi, a shimfiɗa masa ganyen darbejiya, a rataya wani a bakin ƙofa. Wannan dai darbejiyar da muke shan inuwarta a Maiduguri da Maraɗi, asalinta daga can yankin take.

Abin lura a nan: wannan bauta ta zo da nata rigakafin. Tun kafin allurar Bature, akwai masu sana'ar da ake kira tikada a yankin Bengal. Sukan ɗebi ruwan ƙurjin agana na bara, su yi wa lafiyayye 'yar tsaga a hannu su shafa, suna kiran sunan Shitala. Mutum ya yi ciwon sama-sama, ya tsira daga babban. Da sabon rigakafin likitan Ingila Edward Jenner ya iso Bombay (Mumbai ta yau) a 1802, mutane da yawa suka noƙe. Wasu suna ganin cin fuska ne ga Uwar, daga baya kuma wasu ba su yarda a riƙa wahalar da 'yan maruƙa don samo ruwan allurar ba, tunda saniya abar girmamawa ce a wurinsu.

A 1974 agana ta kashe fiye da mutum 15,000 a Indiya cikin watanni kaɗan, mafi yawansu a jihar Bihar. Ma'aikatan lafiya suka bi gida gida, aka sa ladan kuɗi ga duk wanda ya kawo labarin mai cutar, kuma ganyen darbejiyar nan da ke ƙofa ya zama alamar gidan da za a shiga. A 1975 aka ga mai agana na ƙarshe a ƙasar. Cutar ta tafi, Shitala tana nan: yau ƙyanda da farankama ake kai mata.

Sai maganin gargajiyarsu, Ayurbeda. Tsofaffin littattafansa na Charaka da Sushruta sun ɗora lafiya kan daidaiton abubuwa uku a jiki, wato bata, pitta da kafa, kusan iska, zafi da majina. Bahaushen da ya saba jin ana cewa sanyi ya kama wane ko zafi ya yi masa yawa ba zai ji baƙon abu ba. Sushruta har ya bayyana yadda ake gyara hancin da aka yanke da fatar fuskar mutum. Kuma ba a bakin kasuwa wannan magani ya tsaya ba. A Nuwamba 2014 gwamnatin Narendra Modi ta ba shi da sauran magungunan gargajiya ma'aikata sukutum mai suna AYUSH, yana da kwalejoji da digiri, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa cibiyarta ta maganin gargajiya a Jamnagar, jihar Gujarat. Shi ya sa mai ciwon suga zai sha ƙwayar likita da safe, da yamma ya sha jiƙon garahuni, sau da yawa bai gaya wa likitan ba.

Inda ake samun saɓani yawanci a ƙananan abubuwa ne. Kwanson kafso da ƙashi da fatar dabba ake yin yawancinsa, wanda ba ya cin nama kuwa sai ya tambaya kafin ya haɗiye. Mu da muke duba ko akwai alade a cikin abu mun san wannan damuwar. Ga azumin Ekadashi sau biyu a wata, ga na Nabaratri kwana tara, mai allurar insulin dole a gyara masa awo. Akwai ma iyalan da sukan je wurin mai duban taurari ya zaɓa musu sa'a, sannan su roƙi likita ya yi wa mai ciki aiki a daidai wannan lokacin.

A ganina, inda abin ya zama haɗari shi ne inda kasuwanci ya sa rigar addini. A 2020 kamfanin Patanjali na malamin yoga Baba Ramdev ya fito da Coronil, aka tallata shi a matsayin maganin korona. Ƙungiyar likitocin Indiya ta kai ƙara kan tallace-tallacen kamfanin, a 2024 Kotun Ƙoli ta sa ya nemi gafara a jaridu. A Afrilun 2021 kuma miliyoyi suka taru wankan ibada na Kumbh Mela a kogin Ganga a garin Haridwar, annobar tana kan ganiyarta. Amma fa ƙasar nan ce dai take da Serum Institute a birnin Pune, wanda ya fi kowane kamfani a duniya yawan allurar rigakafi, kuma shi ya yi allurar sanƙarau da aka fara yi wa jama'a a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010.

Saura maganar karma. Ana yawan cewa Bahinde yana ganin ciwo sakamakon aikinsa ne na wata rayuwa da ta gabata, don haka ba ya neman magani. Rabin maganar gaskiya ne. Karma tana ba shi amsar me ya sa ni, tana sa shi haƙuri, amma ba ta hana shi zuwa asibiti, kamar yadda imani da ƙaddara bai hana mu ba. Inda ta fi tasiri shi ne a ƙarshen rayuwa. Tunda sun yi imani rai zai sake dawowa a wani jikin, halin da mutum ya cika a cikinsa yana da nauyi ƙwarai. Wasu tsofaffi sukan ƙi maganin kashe zafi mai sa barci, don su tafi cikin hayyacinsu da sunan abin bautarsu a baki.

A birnin Baranasi, bakin kogin Ganga, akwai wani gida da ake kira Mukti Bhawan. Ba a zuwa can don a warke. Sun yi imani wanda ya mutu a garin ya kuɓuta daga sake haihuwa, don haka iyalai ke kawo tsofaffinsu da likita ya sallama. Ana ba mutum kimanin mako biyu, in rai bai fita ba a ce a mai da shi gida. In kuwa lokaci ya yi, sai a sauko da shi daga gado a kwantar a ƙasa, a ɗiga masa ruwan Ganga a baki, a sa masa ganyen tulsi, ɗan'uwan ɗaɗɗoyarmu, a kan harshe. Babban ɗansa kuma ya fara shirin itacen ƙona gawa.