Me Ya Sa Guruf Ɗinku Ya Yi Tsit?

Ɗauko wayarka ka leƙa guruf ɗin WhatsApp na unguwarku, ko na 'yan ajinku na sakandare. Ku tamanin ne a ciki, amma saƙon ƙarshe hoton barka da Juma'a ne tun na makon jiya, kuma ko amin ba wanda ya ce.

Abin ba a kanku aka fara ba. Tun 2006 wani masanin intanet mai suna Jakob Nielsen ya bayyana cewa a irin waɗannan zauruka, kusan mutum 90 cikin 100 karatu kawai suke yi su wuce, 9 kan sa baki jefi-jefi, mutum 1 ke ɗauke da yawancin hirar. Yi lissafi da ku tamanin, ko mutum ɗayan ma bai cika ba.

Mu nan Gombe kuma ga kunya. An haɗa saurayi da kawunsa da limamin unguwa da wanda yake neman 'yarsa a wuri guda, sannan ana mamakin ya kama bakinsa?

Yawanci daga tambaya ake ɓata abin. Admin ya rubuto, "Jama'a, me za ku ce game da ci gaban unguwarmu?" Wa zai ɗauki wannan? Ta yi faɗi, kowa sai ya bar wa na gaba. Amma a ce, "Baba Alhaji, jiya ka shiga Tudun Hatsi, nawa ka taras da mudun masara?" An kira shi, an tambaye shi abin da ya sani, zai amsa. Kafin ka ankara wani ya ce ai a Kumo ya fi sauƙi, na uku ya musa. Hira ta kankama ke nan, kamar dai a majalisa.

A bar mutane su yi saƙon murya. Akwai dattijon da ajami ya fi zauna masa a hannu kan boko, akwai wanda sai da Fulatanci maganarsa ke fita daidai. A dai taƙaita, data ba kyauta ba ce.

Masu kunyar kuwa, a ba su ƙuri'a. Tun 2022 WhatsApp ya kawo wannan tsarin. "Yashe kwalbati kafin damina, Asabar ko Lahadi?" Dannawa ɗaya ce.

Sai kai admin. Duk wanda ya yi magana karon farko, kada ka bari ta faɗi ƙasa, ko da "gaskiyarka, ƙanina" ne ka ba shi. In aka share shi, da wuya ya sake. Saƙonnin "tura wa mutum goma" kuma su ke binne maganar kirki, ka bi mai turowa ta gefe ka roƙe shi, ban da tsawa a gaban jama'a. Tambayarka kuma ka ajiye ta sai bayan isha'i, an ci tuwo, waya na hannu.