Fam 120 don a liƙe bayan sinki? Na yi abina da kaina

Jama'a assalamu alaikum, yau kam tun da safe raina a ɓace yake, bari in juya kyamara ku gani da idonku. Kabad ɗin ƙasan sinki ke nan, ku dubi yadda katakon ya kumbura ya yi baƙi. Uwargida ce ta buɗe za ta ɗauko sabulu ta ji wari ya buge ta, ashe wata da watanni ruwa na bin 'yar tsagar nan da ke tsakanin kantar kicin da tayil ɗin bango yana sauka a hankali, tsagar da ko tsinken tsintsiya da kyar zai shiga. Kuma kabad ɗin nan Ingila yawanci ba katakon gaske ba ne, garin katako ne aka danne da gam, ruwa na samun shi shi ke nan.

Na kira mai gyara, ya leƙa ko minti biyu bai yi ba ya ce fam 120. Wallahi sai da kaina ya sara. Na sa rigar sanyi na wuce B&Q, shagon kayan gyaran gida, na sayo silikon na liƙe tsaga mai hana fumfuna fam 7, bindigar matsa shi fam 5, tef ɗin masu fenti fam 2, na dawo.

To ga abin da ya fi ba ni haushi, wanda ya yi aikin farko da garin cike layin tayil ya cike kusurwar. A gida Kano mai tayil zai kwaɓa farin siminti ya bi ko'ina kuma ya zauna lafiya, don gidan bulo ne da kankare. Nan Manchester tsofaffin gidajen nan daɓensu katako ne, ana takawa yana motsi, hunturu a kunna hita ya bushe ya tsuke, dole siminti ya tsage. Duk inda bango ya haɗu da kanta ko baho, silikon ake sawa don shi yana miƙewa kamar roba.

Na tuna Baba, Allah ya jiƙansa, duk gabatowar damina sai ya zaga gidanmu yana duba katanga da bakin indararo, inda ya ga tsaga ya sa a kwaɓa ƙasa a yaɓe, mu yara muna ɗebo ruwa. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan har yanzu yana hancina. Wannan kuwa warin ruwan khal yake, sai da na buɗe taga duk da sanyin nan.

Ɗan uwa kar ka yarda ka ɗora sabo kan tsoho, ba ya kamawa. Kankare shi tas da reza, ka bari wurin ya bushe ƙarau, ka manna tef sama da ƙasa, ka yanke bakin robar silikon a karkace kuma kaɗan, ka ja layi ɗaya ba tsayawa, ka shafe da yatsa, ka cire tef nan take tun yana ɗanye. Ku matso ku ga layin nan, miƙe sambal, ni da kaina na ja shi. In baho ne ka cika shi da ruwa tukuna, nauyin ya buɗe tsagar, in ba haka ba ranar da aka shiga wanka zai ɓalle. Kuma silikon ba ya karɓar fenti, tsakanin kabad da bango akwai wani fari na masu fenti, shi za ka nema. Ramin da bututu ya bi kuma na cusa masa soson ƙarfe kafin in liƙe, ɓeran ƙasar nan rami mai faɗin fensir ya ishe shi shiga.

Yanzu awa 24 ba mai taɓa ruwa a nan, na gaya wa yara, wanke-wanken yau a banɗaki za a yi. Gobe in Allah ya kai mu zan auna katakon ƙasan nan in je a yanko min wani.