Larry Johnson: kocin da bai taɓa zama cikakken oga a jami'a ba amma yaransa ke cika NFL

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau ƙwallon Amurka za mu taɓa, ba irin tamu ta ƙafa ba, waccan mai siffar ƙwai da ake sa hular kwano ana karo da juna. Kuma ba ɗan wasa za mu yi magana a kai ba, wani dattijo ne mai suna Larry Johnson, kocin layin tsaro na jami'ar Ohio State, wanda kyamara ba ta cika haskawa ba sai dai ka hango shi a gefen fili yana ɗaga hannu.

Kafin mu shiga tarihinsa bari in ɗan warware muku wasan don mu tafi tare. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Masu riƙe da ƙwallo ana ba su dama huɗu su ci gaba yadi 10, in sun ci a sake ba su wasu huɗun, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Akwai mutum ɗaya da ake kira kwatabak, shi ne mai jefa ƙwallo, shi ne ƙwaƙwalwar tim ɗin, kuma an jera masa ƙarti biyar a gabansa aikinsu kawai kar kowa ya taɓa shi. To a ɗaya ɓangaren kuma akwai wasu ƙartin, yawanci huɗu, biyu a tsakiya biyu a gefe, waɗanda za su duƙa hannu a ƙasa suna jiran a motsa ƙwallo su afka. Su ne layin tsaro. Na tsakiyan za ka ga mutum ya kai kilo 135 ko fiye, aikinsa ya toshe hanya kar mai gudu da ƙwallo ya ratsa, na gefen kuma sun fi tsayi da sauri, su ne masu farautar kwatabak. In suka kayar da shi kafin ya jefa, wannan shi ake ce ma sak.

Matsalar ita ce lokaci. Kwatabak mai hankali cikin daƙiƙa uku ya rabu da ƙwallo, wani lokacin ma bai kai ba, don haka duk abin da za ka yi, ka tashi, ka kauce ma ƙato mai nauyin buhu uku, ka lanƙwasa ka isa wajen mutumin, dole ya faru cikin wannan ɗan ƙiftawar. Nan ne aikin koci yake.

Larry Johnson ɗan Arewacin Karolina ne, garin Williamston, ya yi wasa a wata ƙaramar jami'a ta baƙaƙen fata mai suna Elizabeth City State.  Koyarwa ya kama a makarantar sakandare ta McDonough a jihar Meriland, tun tsakiyar shekarun 1970 har 1991, ya ci kofin jiha sau uku, daga nan ya ɗan taɓa wata sakandaren a Alexandria ta jihar Bajiniya. Ku duba fa, kusan shekara 20 mutumin nan yana fama da yaran sakandare, kuma ni a ganina nan ne sirrin yake, don wanda ya saba da yaro ɗan shekara 15 da bai san komai ba ya iya koyarwa daga tushe, sannan ya iya zama a falon iyaye ya yi musu magana su yarda su ba shi ɗansu. A ƙwallon jami'a ba sayen 'yan wasa ake yi daga wani kulob ba a wancan lokacin, bi ake yi gida gida ana lallashin yaran da suka gama sakandare da tallafin karatu, kuma rabin aikin mataimakin koci kenan.

A 1996 Joe Paterno, babban kocin jami'ar Penn State, ya ɗauke shi aiki. Ya fara da 'yan gefe, daga 2000 aka damƙa masa layin gaba ɗaya. A wannan shekarar ta 2000 ɗin yaronsa Courtney Brown shi aka fara zaɓa a duk faɗin Amurka ranar da ƙungiyoyin NFL, wato babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, ke ɗaukar sabbin 'yan wasa, Cleveland ta ɗauke shi. Sai Tamba Hali, yaron da ya tsero daga yaƙin basasar Laberiya yana ɗan shekara 10, shi ma ta hannun Johnson ya bi, Kansas City ta ɗauke shi a zagayen farko a 2006. Ɗansa na cikinsa ma, Larry Johnson ƙarami, a Penn State ya yi wasa, ya yi gudun sama da yadi 2,000 a 2002, sai dai shi ba a layin babansa yake ba.

To me yake koya musu ne haka? Abu biyu ne suka fi fitowa, takun farko da kuma hannu. Takun farko shi ne yaro ya zuba ma ƙwallo ido ba mutum ba, tana motsi ya riga kowa tashi, kuma ya tashi a duƙe, don wanda ya miƙe tsaye a wasan nan an gama da shi, tura shi baya za a yi kawai. Hannu kuwa kamar a filin kokawa ne, wanda ya riga sa hannunsa a ƙirjin ɗan'uwansa shi ke juya shi. Ƙaton da ke gadin kwatabak so yake ya cafke rigarka ta wajen ƙirji, in ya cafke shikenan ka tsaya. Sai Johnson ya koya ma yaro yadda zai doke hannun nan tun kafin ya iso, ya share shi gefe da hannu biyu, ya juya ƙugu, ya sunkuyar da kafaɗa ya bi ta gefen mutumin kamar zai faɗi amma bai faɗi ba, yatsun ƙafarsa na kallon kwatabak. A wajen atisaye za ka ga ƙato guda ana sa shi maimaita motsi ɗaya tal, ya doke hannu ya juya, ya dawo ya sake, har sai jikinsa ya riƙa yi ba tare da ya yi tunani ba. Ba wani abin burgewa a ciki wallahi, gajiya ce zalla.

A ƙarshen 2011 babbar badaƙala ta fashe a Penn State, aka sallami Paterno, kusan duk mataimakansa suka watse, amma sabon koci Bill O'Brien ya riƙe Johnson. Da O'Brien ya tafi NFL bayan kakar 2013 Johnson aka ba riƙon ƙwarya, ya nemi kujerar, tsofaffin yaransa da yawa suka goya masa baya, sai jami'ar ta ɗauko James Franklin. Shekara 18 yana gidan. Bai tsaya ba, ya haɗa kayansa ya koma Ohio State wajen babban kocinsu na lokacin Urban Meyer, wato abokan hamayyarsu a rukuni ɗaya, abin da ya yi ma magoya bayan Penn State zafi sosai. Kakarsa ta farko a can suka ci kofin ƙasa, suka lallasa Oregon 42 da 20 a Janairun 2015.

Daga nan sai kamar an buɗe famfo. Joey Bosa na uku a zaɓen 2016, ƙanensa Nick Bosa na biyu a 2019, Chase Young na biyu a 2020 bayan ya yi sak 16 da rabi a kaka ɗaya, wanda ba a taɓa yi ba a tarihin makarantar. Rabin kuwa yana zuwa ne in mutum biyu suka kayar da kwatabak tare, sai a raba musu. A ƙarshen Nuwamban 2020 korona ta kama babban koci Ryan Day, a Disamba Johnson ya ja ragamar tim ɗin a wasa da Michigan State suka ci 52 da 12, ya zama baƙar fata na farko da ya jagoranci Ohio State a wasa. Wasa ɗaya kenan, sati na zagayowa ya koma wajen ƙartinsa.

Amma kar ku ɗauka kullum yabo yake sha. Daga 2021 Michigan, babbar abokiyar gabarsu, ta yi ta cin su har sau huɗu a jere, a na farkon ma ta ƙasa aka ratsa su, mutum ɗaya Hassan Haskins ya shiga gidansu sau biyar, wato ya kai ƙwallo ƙarshen filinsu ya ci maki. Nan fa surutu ya tashi, wai dattijo ya tsufa, wai yana yawan canza 'yan wasa a tsakiyar wasa maimakon ya bar gwanayen a fili, makarantun hamayya kuma suna raɗa ma iyayen yara cewa ai ritaya zai yi kar ku ba shi ɗanku. Maganar canjin ni ban yarda da masu sukar ba, mutum mai kilo 135 ba zai yi karo sau 70 da ƙarfi ɗaya ba, gara ya huta ya dawo da ƙarfinsa a ƙarshen wasa. Sai dai gaskiya akwai shekarun da sak ɗin ya yi ƙasa, wannan kam ba a musu.

Sai ga Janairun 2025, wasan kusa da na ƙarshe da Texas. Saura 'yan mintuna, Ohio State na gaba da maki bakwai, Texas na bakin gidansu a yadi takwas kuma dama ta huɗu ce. Jack Sawyer, yaron Johnson, ya taso ta gefe, ya wuce mai gadinsa, ya doke ƙwallo daga hannun kwatabak ɗin Texas Quinn Ewers wanda sun taɓa zama ɗaki ɗaya, ya tsince ta ya zura da gudu yadi 83 har cikin gidan Texas. Aka tashi 28 da 14. Suka je suka ci Notre Dame 34 da 23 suka ɗauki kofin ƙasa, na biyu kenan da Johnson ya gani a Ohio State.

Watan Afrilu na zuwa NFL ta kwashe duka huɗun da ke fara masa wasa, Tyleik Williams ya tafi Detroit a zagayen farko, JT Tuimoloau Indianapolis, Sawyer Pittsburgh, Ty Hamilton kuma Los Angeles Rams.