Fayil ɗin asibiti da na'urar auna iska: me ake gani idan aka haɗa su?

Jama'a barkanmu da warhaka. Ku ɗauka akwai ofis biyu a gari ɗaya. Na farko asibiti ne, kullum ana rubuta wa ya zo, yaushe ya zo, me ke damunsa, a ina yake zaune. Na biyu kuma masu kula da muhalli ne, su aikinsu auna iska da ruwa da zafin gari, su ma kullum cikin rubutu suke. Shekara da shekaru kowa na cika nasa kundin amma ba wanda ya taɓa leƙa na ɗan'uwansa. Likita na ganin yara suna ta zuwa da asma ranar Talata bai san dalili ba, shi kuma mai auna iska ya ga hayaƙi ya yi sama tun ranar Litinin amma bai san wa abin ya kwantar ba. To haɗa kundin nan biyu shi ne maganarmu ta yau.

Abin ba sabo ba ne fa. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho da ke Landan ta kashe mutum sama da 600, lokacin ma yawancin likitoci sun ɗauka warin iska ne ke kawo ta. Sai wani likita, John Snow, ya samo jerin mamatan da adireshinsu ya bi gida gida yana tambaya ina kuke ɗiban ruwa, sai ga shi mafi yawansu famfo ɗaya suke sha a titin Broad Street, alhali wani gidan gajiyayyu da ke nan kusa mai rijiyarsa ta kansa mutum ƙalilan ya rasa. Ya kai wa hukuma maganar aka cire hannun famfon. Ba kwamfuta ba intanet, sunayen mamata ne kawai a hannu ɗaya, wurin famfo a ɗaya hannun.

Kuma har gobe dabarar kenan, wuri da lokaci. Su ne igiyar da ake ɗaure bayanan biyu da ita. Ana ɗaukar adireshin mara lafiya a maida shi ɗigo a kan taswira, sannan a tambayi kwamfuta, a wannan ɗigon, a wannan ranar, yaya iska take, zafi ya kai nawa, ruwan daga ina yake zuwa. Inda babu na'ura a ƙasa sai a nemi taimakon tauraron ɗan adam, kamar Sentinel-5P da Turai ta harba a 2017, wanda daga can sama yake auna irin iskar gas ɗin da motoci da masana'antu ke fitarwa.

Bari in ba ku misalin da ni dai ya fi burge ni. Akwai wata ƙura da ake kira PM2.5, ƙanƙantarta ta kai sai ka jera kusan guda 30 kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya, shi ya sa take wucewa har can cikin huhu ta shiga jini. Masu bincike a jami'ar Harvard suka bi mutum 8,111 a garuruwa shida na Amurka tsawon shekara 14 zuwa 16, suna auna iskar kowane gari suna kuma duba wa ya rasu, a 1993 suka fitar da sakamako cewa haɗarin mutuwa a garin da ya fi ƙazantar iska ya ɗara na garin da ya fi tsabta da kashi 26 cikin 100, kuma wannan bayan sun cire tasirin shan sigari da sauransu ne fa. Babu likitan da zai iya gano wannan daga kan gadon mara lafiya ɗaya komai ƙwarewarsa. Irin waɗannan binciken ne suka taru har a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage mizanin ƙurar nan na shekara, wato iyakar da bai kamata ta wuce a cikin iska ba, daga 10 zuwa 5.

Sai na garin Flint a jihar Michigan ta Amurka. A 2014 aka canza wa garin inda ake jawo ruwan sha, mutane na ta ƙorafi ana ce musu lafiya lau. Wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta buɗe sakamakon gwajin jinin yaran da dama yana nan ajiye a kwamfutar asibiti, ta raba shi kafin canjin ruwa da bayansa, unguwa unguwa, sai ga yawan yaran da dalma ta yi yawa a jininsu ya kusa ninkawa. Bayanan suna nan tuntuni, mai haɗawa ne babu.

Amma kar ku ɗauka abin kamar yankan wuƙa ne. Na'urar auna iska ɗaya tana iya wakiltar gari guda, alhali wanda ke bakin babban titi da wanda ke bayan gari ba iska ɗaya suke shaƙa ba. Sannan adireshi inda mutum yake kwana ne, ba inda yake wuni ba. Ga kuma jinkiri, zafi yau zai kwantar da mutum ko gobe, amma cutar kansa tana iya ɗaukar shekara ashirin kafin ta fito, kafin nan mutumin ya yi ƙaura sau uku. Wanda ya fi ruɗa mutane kuwa shi ne, unguwar da ke kusa da masana'anta sau da yawa ita ce ta marasa ƙarfi, to cutar da aka gani hayaƙin ne ko rashin abinci mai kyau ne ko nisan asibiti? Taswira biyu su yi kama da juna ba hujja ba ce, duk wanda ya nuna muku su ya ce ga dalili, ku tambaye shi me da me ya cire tukuna.

Sai batun sirri, nan ne nake ganin an fi yin sakaci. Wani zai ce ai an goge sunaye. Goge suna bai wadatar ba, domin wata mai bincike, Latanya Sweeney, ta nuna cewa da lambar yanki ta gidan waya da ranar haihuwa da jinsi kawai za a iya ware kusan kashi 87 cikin 100 na Amurkawa ɗaya bayan ɗaya, kuma ku tuna aikin nan gaba ɗaya da adireshi ake yinsa. Shi ya sa inda ake yin abin da kyau wata hukuma ce daban take haɗa bayanan ta cire adireshin kafin ta miƙa, ko a ɗan gusar da ɗigon daga ainihin gidan, ko kuma a ce mai binciken ya shiga wata keɓaɓɓiyar kwamfuta ya yi lissafinsa a ciki, ya fita da sakamako kaɗai, fayil ɗin kowa kuma ya zauna inda yake.