Dawowa gida ta fi tafiyar wuya: laccar malamin da ya dawo daga koyarwa a Uganda

Assalamu alaikum. Iyayena malamai da 'yan uwa, shugaba ya ce minti goma sha biyar ya ba ni, toh bari in yi sauri kafin a kira la'asar.

Kamar yadda aka gabatar, na tafi ne a shirin nan na TAC da gwamnatin tarayya ta kafa tun 1987 zamanin Babangida, wanda ake tura malamai da likitoci wasu ƙasashe su yi shekara biyu su dawo. Ni Mbale aka kai ni, a gabashin Uganda, gindin dutsen Elgon, lissafi na koyar. Da zan tafi a 2022 kowa sai da ya ba ni shawara, kar ka ci kaza, ka riƙe addu'a kaza, amma wallahi ko mutum ɗaya bai ce min ga yadda ake dawowa ba.

Na sauka daga jirgin ƙasa a Rigasa ina ganin ai shikenan na zo gida. Ashe da sauran aiki. Su can hannun hagu suke tuƙi, dattawan da ke nan za su tuna mu ma haka muke kafin 1972, toh kwana na uku na zo tsallaka Ahmadu Bello Way na duba dama maimakon hagu, saura ƙiris mai keke napep ya kwashe ni, ya leƙo ya ce "Baba yau ka shigo gari ne?" Ni da aka yanke wa cibiya a Tudun Wada! Sai kuɗi. Na bar litar mai ba ta kai naira 200 ba, na dawo 2024 an cire tallafi ta haura 600, uwargida ta rubuta min cefane na je Kasuwar Bacci ina ta musu da mai shinkafa ina ganin cuta ta zai yi, bawan Allah yana ta kallo na kawai.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Hausawa suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ni sai a tsakar gidana na gane maganar. Autarmu na bari tana rarrafe, na dawo na miƙa hannu ta ruga ta ɓuya a bayan zanin uwarta, aka ce gaishe da Abba, ta leƙo ta ce "ina wuni Kawu." An yi ta dariya, ni ma na yi, amma ranar ban yi barcin kirki ba. Ita a waya ta san Abba, fuska ce ƙarama a cikin gilashi, ba wannan ƙaton mai gemu ba. Ita kuma uwargida shekara biyu ita ke biyan kuɗin makaranta, ita ke kiran mai gyaran famfo, ita ke zuwa gaisuwar mutuwa a madadina, sai ga ni na dawo rana ɗaya ina so in karɓe komai kamar Zariya na je na kwana. Mun ɗan samu saɓani, ba zan ɓoye muku ba, kuma laifina ne.

Maganar tsaraba kuwa kar ma a tona, kowa gani yake da buhun dala ka dawo.

Sannan bakina. Komai aka yi sai in ce "ai a can ba haka ake yi ba", a ofishin malamai, a aji, har a masallaci, sai da wani abokin aikina ya ja ni gefe ya ce Malam ka san sunan da ɗalibai suka sa maka? Malam Acan. Daga ranar na kama bakina, in abu mai kyau ne na gani a can sai in yi shi a ajina shiru, wanda ya tambaya in faɗa masa.

Yarinyar kuwa sai da muka yi wata biyu ina kai ta islamiyya a ƙafa kullum, ina saya mata awara a hanya, kafin ta bar ce min Kawu. Na ga ladan ya miƙe, masu tambaya sai bayan sallah.