Ɓawo ɗaya a Hausa, sunaye barkatai a Turanci

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Bahaushe yakan ce ɓawon ƙwai, ɓawon gyaɗa, ɓawon lemo, ɓawon itace, kalma ɗaya ta ishe shi. Shi kuwa Bature sai ya taɓa abin ya ji taurinsa tukuna, sannan ya raɗa masa suna. A nan ɗalibanmu masu rubuta WAEC suke yawan tuntuɓe.

Ku dubi ƙwan nan da ke hannuna. Duk ɓawon da ke da tauri, wanda sai an fasa shi, sunansa shell. Na ƙwai, na gyaɗa, har ƙoƙon bayan kunkuru, duk shell ne. Wanda ake ɓarewa da hannu ko a fere da wuƙa, irin na lemo da dankali, shi ne peel. Siririn nan da ya manne wa jikin abu, kamar na tumatir, skin ake ce masa. Albasarmu da ake lodawa a manyan motoci daga Sakkwato zuwa Kudu, busasshen jan ɓawonta onion skin ne. Ayaba ba ta da faɗa: ka ce banana skin, ka ce banana peel, duk ka yi daidai. Ɓawon kankana mai kauri rind ne. Na itace kuwa bark, wato sassaƙen nan da masu maganin gargajiya ke bajewa a kasuwa.

Wajen hatsi abin da sauƙi, don mu ma mun rarrabe. Ɓuntun shinkafa husk, ƙaiƙayin da iska ke kwashewa wurin sheƙa chaff, dusar da muke ba dabbobi bran, kwanson wake pod.

Fata ce nake so mu ɗan tsaya a kanta, domin ta gida ce. Ku tambayi kowane majemi, zai ce muku ta akuya da ta tunkiya fata ce, ta saniya ƙirgi. To, haka Turanci ya raba: ta ƙaramar dabba skin, ta babbar dabba hide. Da zarar an jeme ta, ta tashi daga duka biyun ta koma leather. Fatar jar akuyarmu ta Sakkwato da fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita, Turawa a hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka suka same ta, shi ya sa suka kira ta Morocco leather. Aiki namu, suna na wasu.

Sai mazubi. Kwalba mai ƙaramin baki da ake tsiyayawa bottle ce, mai faɗin baki da cokali ke shiga, irin ta zuma ko man shafawa, jar ce. Gwangwanin madara a Ingila tin, a Amurka can, amma na lemon sha ko'ina can ne. Kwalin taliya carton, kiret ɗin lemo crate. Babban buhun albasa ko na gero sack ne, ko da yake wanda ya ce bag of rice bai yi laifi ba. Ƙaramin ƙunshin ruwa ko na omo sachet.

Abin da na fi so ku kiyaye shi ne leda. Daga leather muka aro kalmar, don haka za ku ji mutum a Babbar Kasuwa yana Turanci ya ce a ba shi leather ya zuba tumatir. A Legas kuma su ce nylon. Tsakaninmu an gane, amma mai duba takardar jarrabawa da Baturen Ingila fata za su ɗauka kana nema. Ku rubuta plastic bag ko polythene bag.