Ɗakunan matattu a Cerveteri

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Yau za mu leƙa Cerveteri, wani gari da ke kimanin kilomita 40 daga birnin Rum na Italiya. Tun Rumawa ba su kai ko'ina ba, wata al'umma da ake kira Etruskawa ke da garin, suna fatauci ta teku da Girkawa. Gidajen da suka zauna a ciki da ransu ƙasa ta cinye. Na matattunsu ne suka tsira, a maƙabartar Banditaccia da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2004.

In ka shiga sai ka rantse unguwa ce: ga tituna, ga ƙofofi, ga ɗakuna sassaƙe cikin dutse. Kabarin zuriyar Matuna, na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya fi tsaya mini a rai. A jikin bango da ginshiƙai an fito da siffar igiya a naɗe, da wuƙa, da gatari, da garkuwa, har da kare. Kan gadon maigida matasan kai biyu ne, ga takalma a ƙasa, kamar yanzu ya tuɓe ya kishingiɗa.

Abin da ya sa waɗannan ɗakuna ke da daraja shi ne, harshen mutanen ya mutu. Ana iya karanta haruffansu, domin daga Girkawa suka aro, amma littattafansu sun salwanta. Kusan duk abin da aka sani game da su, daga kabari aka ji.

To, nan ɓarayin kabari suke shigowa, waɗanda Italiyawa ke kira tombaroli. A 1971, daga wani kabari kusa da Cerveteri, sun haƙo wata babbar tukunyar haɗa giya, zanen Euphronios ɗan Atina. Shekara na zagayowa gidan tarihin Metropolitan na New York ya saye ta dala miliyan 1. Sai 2008 ta koma Italiya, bayan doguwar taƙaddama. Mu da aka yi wa irin wannan ta'asa da gumakan Nok, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Tukunya dai ta dawo, tana gidan tarihin Cerveteri. Amma a gefen wa aka ajiye ta, me ke kusa da ita, wannan ya bi shebur ɗin ɓarayi a daren da suka fasa ramin.